Shekarar da Na Ajiye Makulli

Lawali, Sa'adu, Habsatu, da ku ƙananan da kuka zo daga baya, na san kun taɓa jin ana cewa akwai shekarar da aka ƙwace wa ubanku mota saboda ƙwaya. Wanda ya fara faɗar haka ya riga mu gidan gaskiya, na kuma yafe masa tun yana da rai. Amma magana ba ta bin mai ita kabari, kuma ba na so wata rana jikana ya sunkuyar da kai a tashar Waca don abin da bai faru ba. Ƙwaya dai na sha, har yau ma ina sha, likita ce ta rubuta mini. Mota kuwa ba wanda ya ƙwace. Ni na ɗauki makulli da hannuna na kai wa mai ita. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

A lokacin ina jan motar Alhaji Mutari, ƙaramar bas fara, daga Waca zuwa Damagaram, ranakun kasuwa kuma in zaga Dungas ko Magarya. Na daɗe a hannunsa har mutane suka daina cewa motar Alhaji, sai motar Isufu. Tsofaffi da masu ciki sukan bar motar da ke kan layi ta tashi don su jira tawa, saboda ba na gudu, ba na kuma yarda a ɗora wa mutum buhu a kan ƙafa. Da wannan sunan na ci, na ciyar, na sa ku lakwal, wato makarantar boko.

Ciwon ya daɗe yana leƙo ni, amma a shekarar da aka haifi Habsatu ya shigo ya zauna. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba sai da abin da kuka sani. Ku ɗauka an zuba kiyashi a cikin ɓargon ƙwaurinku, suna hawa suna sauka, ku kuma ba halin ku sa hannu ku sosa. Ba ya zafi kamar rauni, ba ya kumbura, in ka duba ƙafar lafiyarta lau. Da safe babu shi. Sai rana ta yi sanyi, na dawo gida na zauna a tabarma, a nan zai taso. In na miƙe na taka, ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. In na koma na zauna, ya dawo. Da na kwanta kuwa, ƙafafun sai su ce ba su san zancen ba. Haka zan yi ta zaga tsakar gida, barcin da zan samu bai taka kara ya karya ba, asuba ta yi in tafi tasha.

Kakarku Iya tana tare da mu a lokacin. Wata rana bayan magariba ta ga ina ta miƙewa ina zama a gaban tuwo, sai ta ajiye carbinta.

"Auta, ƙafar gidanmu ce ta kama ka," in ji ta. "Uwata haka ta yi fama har ta koma ga Allah. Ni ma da kake ganin ina karɓe wa yara daka da yamma, kana tsammani son aiki ne?"

Na ce, "To Iya, mene ne maganinsa?"

Ta ce, "Haƙuri. Da tafiya."

Haƙuri na yi, amma Iya ba ta jan mota da mutum goma sha tara a bayanta. Babu abin da ba mu gwada ba. Innarku ta dinga dafa ruwa tana gasa mini, ta shafa man shanu da tafarnuwa, a ɗan samu sauƙi kafin ruwan ya huce. Liman ya yi mini rubutu, zuciyata ta natsu, ƙafar ba ta natsu ba. Wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙwauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yana nuna mini baƙin jini yana cewa ga cutar nan ta fito. Na taɓa sayen maganin mura mai sa barci a wurin masu talla a tasha, wai ko zan runtsa. Ranar ƙafafuna suka yi haukan da ba su taɓa yi ba, na zubar da sauran a masai. Don in iya buɗe ido a kan hanya sai na ƙara yawan shayi mai kauri da goro, ina sauke wannan kofi ina ɗaukar wancan.

Akwai wani abokin aikina, Ɗan Tsoho, tare muka koyi mota. Wata rana da hantsi muna zaune a bencin mai shayi muna jiran lodi, ya ga ina ta jijjiga ƙafa, idanuna jajaye. Ya matso ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙwayar tiramol.

"Isufu, kana wahalar da kanka a banza. Haɗiye wannan, ƙafa ta kwanta, jiki ya yi ƙarfi. Rabin tashar nan da ita suke aiki."

Na ce, "Na ga rabin tashar. Na ga ɗan Malam Idi da aka ɗaure da mari, shi ma da guda ya fara."

"Kai ai babba ne, ka san iyaka."

Na ce, "Babban da bai yi barci ba, ina ya ga hankalin sanin iyaka? Mayar da abarka aljihu."

Ya yi dariya ya mayar. Ba zan ɓoye muku ba, idona ya bi hannun nan har aljihu. Wanda bai taɓa yin watanni yana roƙon barci ba, ba zai gane ba. Amma ban karɓa ba, kuma a cikin abubuwan da na yi a duniya wannan yana cikin waɗanda nake tunawa in ji daɗi.

Abin ya faru ne da kaka, lokacin da kowa ke da kaya, mota ba ta kwana ba lodi. Mun taso daga Damagaram bayan azahar, mota cike, sama an ɗaure buhuna da katifu. Hanya miƙaƙƙa, rana na dukan gilashi, fasinja duk sun yi tsit. Abin da na sani kawai shi ne ina kallon wani rimi can gaba. Sai na ji salati ya tashi a bayana, sitiyari na karkarwa a hannuna, mun bar hanya mun shiga yashi. Allah ya taimake ni ban taka birki da ƙarfi ba. Motar ta yi ta kutsawa cikin sabara har yashi ya riƙe ta, ta tsaya a karkace, taku kaɗan tsakaninmu da wani kwazazzabo. Ba wanda ya ji ciwo sai wani dattijo da ya fasa leɓe. A kujerar da ke bayana akwai wata mata da jariri a cinya, bai fi Habsatu ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dai ƙanƙame ɗanta tana kallona.

Maza suka fito aka zaga mota. Wani ɗan kasuwa da ya san ni ya duba tayoyi, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji:

"Ai sitiyarin ne ya ƙwace. Motocin nan sun tsufa."

Rufa mini asiri yake so ya yi, Allah ya saka masa. Na ce, "Alhaji, motar lafiyarta lau. Barci ne ya sace ni. Ku yafe mini."

Aka taru aka turo ta kan hanya. Suka ce in hau mu ƙarasa, tunda saura kaɗan. Na ce ba zan sake jan kowa ba yau. Na kira tasha a waya aka turo wata mota ta kwashe su, direban ya zo da wani ya ja tawa, ni ina gefe kamar fasinja. Da muka isa Waca ban biya gida ba. Na wuce shagon Alhaji Mutari, na same shi ana auna masa gyaɗa, na gaishe shi, na ajiye makulli a kan buhu.

"Mene ne haka, Isufu?"

Na gaya masa komai, tun daga ƙafa har kwazazzabo. Ya ce, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Je ka huta kwana biyu ka dawo. Kaka ce fa. In na ba wani motar nan, ba zan iya karɓewa daga hannunsa in ba ka ba, ka san halina."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Amma hutun kwana biyu ba zai yi ba, don ba na iya hutawar. Yau Allah ya tsare. In na koma gobe da wannan idon, na zama mai ganganci da rayukan mutane."

"To iyalinka fa?"

"Wanda ya tsaga bakinsu ba zai hana su abinci ba."

Ya ɗauki makullin ya sa a aljihu, ya ce Allah ya ba da lafiya. Kafin sati ya zagayo, labari ya cika tasha cewa Isufu ya sha ƙwaya ya zubar da mutane, Alhaji ya kore shi. Mutanen da suka ga idanuna jajaye da ƙafata na rawa a benci suka ce ai dama sun lura.

Da na gaya wa innarku, tana shayar da Habsatu a bakin ƙofa. Na zaci za ta yi kuka, don hatsinmu na shekarar bai kai ko'ina ba, mota ce rumbunmu. Ta gyara wa jaririyar kwanciya ta ce:

"Malam, na gode wa Allah. Kullum ka fita sai na bi ka da ido, ina cewa ko yau ne. Da in yi takaba gara in yi tuyar ƙuli. Akwai bijimina a wurin yayana a Yekuwa, a kawo shi a sayar, ka je asibiti na gaske."

Bijimin nan gadonta ne na uwa, ta yi shekaru tana tattalinsa. Na ce a'a, ta ce ba shawarata take nema ba. Ku riƙe wannan game da uwarku.

Na fara da asibitin garinmu. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ni, ya gwada zazzaɓi babu, ya ja fatar idona ya ce jinina bai yi ƙasa sosai ba. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa, ya tura ni Damagaram wurin likitar jijiya. Tafiyar nan a kujerar baya, a matse tsakanin mutane, ba wurin miƙe ƙafa, ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi a hanyar da na sani kamar tafin hannuna.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, ta iya Hausa ras. Na shiga ina tunanin yadda zan yi bayani kada ta ɗauke ni mai taɓin hankali. Ban yi nisa ba ta tare ni.

"Malam Isufu, yana tasowa in ka zauna ko ka kwanta?"

"Ƙwarai."

"In ka tashi ka taka ya lafa? Ya fi tsanani da yamma? Akwai mai irinsa a gidanku?"

Na ce, "Likita, ko Iya ce ta riga ni zuwa?"

Ta yi dariya. Ta ce ciwo ne sananne, yana da suna a littattafansu, ciwon ƙafa marar natsuwa, kuma yakan bi jini a gida. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma ya shanye ƙafa. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da gemuna. Ashe abin da ke damuna wani ya taɓa jin labarinsa.

Ta tambaye ni ko ina zubar da jini ta wani wuri. Da kunya na ce ina da basir mai jini, ya daɗe. Na faɗa mata ƙahon wanzami, da shayi, da goro, da maganin murar nan. Ta ce maganin mura mai sa barci yana tayar da ciwon, in kiyaye shi. Ta tura ni analiz, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito na koma, ta yi mini bayani da abin da zan gane.

"Akwai sinadarin ƙarfe a jikin mutum, shi muke kira fer. Wanda ke yawo a jininka ya kusa isa, shi ya sa majo bai ga komai a idonka ba. Amma jiki yana da rumbu inda yake ajiye shi, kuma naka rumbun ya kusa zama fanko. Basir na ɗiba, ƙaho na ɗiba, shayin da kake sha a kan abinci yana hana sabo shiga. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta rasa ƙarfe, ƙafa ce ke biya."

Ta rubuta mini ordonans, takardar sayen magani: maganin basir, da fer, da wata ƙwayar jijiya da zan sha da yamma. Ta ce fer ba ya aiki da gaggawa, sai an yi watanni kafin rumbu ya cika, ƙwayar yamma ce za ta riƙe ni kafin nan. Amma ita tana sa jiri da nauyin ido, don haka za mu fara da kaɗan, kuma kada in ƙara da kaina ko da na ji ba ta isa ba. Na gaya mata zancen Ɗan Tsoho. Ta ce da na karɓa da ƙafar ta kwanta da gaske, shi ne ma haɗarin, don daga nan sai ta riƙe ni ta ƙi saki.

Na ce, "Yaushe zan koma mota?"

Ta ce, "Ranar da na ce. Ba kafin nan ba."

Da na dawo gida na zazzage ledar farmasi a tabarma, innarku ta ɗauki fakitin fer ta juya shi, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Malam, ai wannan jar ƙwayar awon ciki ce! Ita aka yi ta ba ni da cikin Habsatu. Wata nawa ne, ba ka gaya mini ba?"

Iya ma ta yi dariya har da tari. Ban san ta inda zancen ya fita ba, gidan da ke da maƙwabta ba ya riƙe sirri. Aka samu sabon abin faɗa a tasha. In na wuce sai wani ya ɗaga murya, "Isufu, Allah ya raba lafiya!" Wani ya ce a ajiye masa ƙaurin suna. Da farko abin ya yi mini zafi. Daga baya na koyi amsawa. In suka ce Allah ya raba lafiya, in ce amin, ku tanadi rago.

Zama ba aiki ba zai yiwu ba, kuma zaman ma shi ne abokin gabata. Sai na karɓi amalanken shanu na wani maƙwabcinmu, ina ɗauko wa mutane kara da hatsi da harawa daga gona, muna raba abin da aka samu. Ku yi tunani, mutumin da ake jira a tasha, ga shi yana tafe a gefen shanu da tsumagiya. Wata rana na ɗauko harawar wake, farar bas ɗin ta zo ta wuce ni, sabon direba ya danna mini oda, fasinja na leƙowa. Na ɗaga musu hannu. Da suka ɓace na tsaya na jingina da amalanke na ɗan lokaci, sannan na kora shanuna. Tafiyar ƙasan nan kuwa ta yi wa ƙafafuna amfani, likita ma ta ce motsa jiki da rana yana cikin magani.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Fer ya ɗaure mini ciki, ya mayar da bayan gida baƙi ƙirin, da ba a gargaɗe ni ba da na ce mutuwa ce. Ƙwayar yamma ta sa in tashi da safe kaina kamar an cika shi da auduga. Na kira likita, ta ce in riƙa shan fer yau in tsallake gobe, in kora da ruwan lemun tsami, kada in haɗa shi da nono ko shayi, ƙwayar yamma kuma in matso da ita kusa da magariba don ta sake ni kafin safiya. Innarku ta karɓi ragamar abin. Ita ke miƙo mini magani, ta tsaya sai na haɗiye. Ta cika mana tukunya da wake da zogale, ranar kasuwa ta sayo ƴar hanta ta gasa mini ni kaɗai, ku kuna kallo kuna haɗiyar yawu. Lawali, kai ka isa tunawa.

Mafi wuya shi ne shayi. Ba ruwan kawai ba, zaman. Duk abokaina a gindin butar shayi suke. Na bar na yamma gaba ɗaya, na safe kuma sai tsakanin abinci, marar kauri. Goro na rage sai na biki. Akwai lokacin da na gaji, wata ya wuce, wani ya bi, sauƙin kaɗan ne, na ce wa innarku kuɗin bijiminta dai sun tafi a banza.

Ta ce, "Ranar da ka shuka gero ka taɓa cin tuwonsa? Buɗe baki."

Sauƙin ya shigo a hankali har ban san ranar da ya fara ba. Abin da na riƙe shi ne wata rana da bazara, na yi sallar magariba a masallacin unguwa, liman ya fara karatu, na zauna ina saurare. Sai na ji ana kiran isha. Na dubi ƙafafuna, suna nan a naɗe yadda na ajiye su. Rabon da in zauna tsakanin sallolin nan biyu har na manta. Na koma gida na gaya wa Iya. Ta sa hannu ta shafa ƙwaurina, ta ce:

"Ashe yana da magani. Allah sarki uwata."

A randebu na gaba, ranar da likita ta sa in koma, na tafi da Iya. Aka gwada ta, aka ba ta abin da ya dace da shekarunta, ta samu barci mai daɗi a shekarun da suka rage mata. Ni kuma analiz ya nuna rumbu ya fara cika. Likita ta rage ƙwayar yamma, ta yi mini tambayoyi a kan barcina da yadda nake tashi, ta ce in ƙara haƙuri. Sai da damina ta faɗi sannan ta dube ni ta ce:

"Malam Isufu, je ka nemi mota."

Farar bas ɗin ban sake jan ta ba. Alhaji Mutari ya cika maganarsa, wanda ya ba motar shi ma mai iyali ne, ni kuma ban roƙa ba. Na samu wata tsohuwar mota a hannun wani mutumin Dungas, mai shan mai da yawan laluri, na koma ƙarshen layi kamar sabon shiga. Bijimin innarku sai bayan shekaru na mayar mata da maraƙi. Wasu fasinjojina ba su dawo ba har abada, sun riga sun ji abin da suka ji. Wannan shi ne abin da shekarar ta ci mini. Amma daga ranar da na koma har ranar da na yi sallama da tuƙi saboda tsufa, ban sake rufe ido a kan sitiyari ba, tayata ba ta sake barin hanya ba.

Har yanzu ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, irinsa ba ya tafiya. Ina shan ƴar ƙwayata ta yamma, ina zuwa analiz lokaci lokaci, in an ce rumbu ya ragu in koma kan fer, in an ce ya isa in dakata, don likita ta ce yawansa ma cuta ne. In ɗayanku ya ji kiyashin nan a ƙafa, musamman ku mata in kuna da ciki, kada ya saya wa kansa magani a tasha, kada kuma ya ɗauki nawa. Ya je a gwada jininsa.

Bayan na koma tuƙi da kamar shekara, aka kira taron sandika, ƙungiyarmu ta direbobi, a rumfar tasha. Ana ta gardama a kan layi. Dokar da muka gada ita ce, in layinka ya zo ba ka yi lodi ba, ka koma baya. Ni ba mai magana a taro ba ne, amma ranar na miƙe.

Na ce, "Kun san ni, kun san abin da ya same ni, wasunku har ƙaurin suna kuka ce in ajiye muku." Aka yi dariya. "Ranar da na shiga yashi na san ban yi barci ba tun kafin in tayar da mota. Abin da ya fito da ni tsoron rasa layi ne. Ina roƙon a yi doka: direban da ya zo ya ce bai yi barci ba, ko don ciwo, ko don jinyar iyali, a riƙe masa layinsa zuwa gobe, kada a tambaye shi dalili, kada kuma a yi masa dariya."

Wani ya ce malalata za su fake da ita. Wani ya ce tasha ba asibiti ba ce. Shugabanmu, dattijo ne da ya yi shekaru a hanyar Agadas, ya bari kowa ya gama, sannan ya ce:

"Malalaci in ya kwana gida, shi ya yi asara. Mai barci in ya hau hanya, gari ne ke asara. Wanda ya yarda da maganar Isufu ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi, ba duka ba, amma sun isa. Aka yi kwanaki ba wanda ya yi amfani da dokar, kowa na jin kunyar zama na farko. Sai wata safiya wani direba, ƙato, mai ƴaƴa huɗu, wanda layinsa ne na gaba, ya zo ya tsuguna kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Baba Isufu, matata ta kwana naƙuda, ban runtsa ba."

Na ce, "Me aka samu?"

"Mace."

"Allah ya raya. Je ka kwanta, layinka na nan."

Ya tafi. Na juya na dubi bencin, kowa ya ji, ba wanda ya yi dariya. Ɗan kamasho ya kira mota ta gaba, aka ci gaba da lodi.